Inda Hamani Ya Shimfiɗa Tabarma

A hutun damina wata mata mai suna Madam Zalika ta zo Gaya daga Yamai da kamera guda da odinater guda, wato kwamfuta. Aka ba ta aron kilas, wato aji, a wata lakwal, makarantar boko ke nan, ta tara samari da 'yan mata goma sha biyu tana koya musu yin silima da salula. Cikinsu akwai Safiyanu, ɗan shekara goma sha shida, ɗan Hamani masunci na bakin kogi.

Aikin ƙarshe da ta ba su ba shi da yawa a baki. Kowa ya ɗauki wani na gidansu yana sana'arsa, minti uku, a kawo ranar Alhamis. Wanda bai kawo ba, babu shi cikin waɗanda za ta ci gaba da koya wa a hutu mai zuwa.

Safiyanu ya zaɓi babansa, alhali shi ne ɗan fari, kuma a gidansu ana kunyar ɗan fari yadda kakanni suka bari. Hamani bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi kan tabarma ɗaya ba. In zai aike shi, sai ya dubi wani daban ya ce, "Ku ce wa yaron nan." Safiyanu ya san al'ada ce, amma sanin bai hana abin sosa masa rai ba. A zuciyarsa ya ce, mutum dai in an tsaya gabansa da kamera, dole ya ɗago kai.

Hamani bai ɗago ba. Safiya uku Safiyanu yana zuwa inda yake gyaran taru, babbar komar nan tasa da ta yage, kuma duk lokacin da ya ɗaga salula sai dattijon ya juya masa baya, ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Laraba ya kai wa Madam Zalika abin da ya ɗauka. Ikilima, wata 'yar kilas ɗin da ta ɗauki kakarta tana suyar ƙosai, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai Safiyanu, duk ƙeya ce? To ka kai wa wanzami mana, shi ne zai ji daɗin kallo."

Yara suka fashe da dariya. Safiyanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, ki shafe shi kawai. Ba ni da fim."

Madam Zalika ta kori sauran su je su sha iska. Ta ja masa kujera, ta jera ɗaukar kwana ukun a odinater.

"Ranar Lahadi ina yake zaune?"

"Ƙarƙashin mangwaro. Nan yake zama tun ban yi wayo ba."

Hoton ya yi duhu, kogi na ƙyalli a baya, mutumin kamar inuwa. Ta ƙara sauti. Sai Safiyanu ya ji muryar kansa, ƙasa-ƙasa, yana gunaguni: "Kai, duhu ya yi yawa, ko hannun ba a gani."

"To ga Litinin," in ji ta.

Tabarmar ta bar mangwaro. Tana can fili, gefen wani kwale-kwale da aka kife, rana na sauka sosai kan tarun. Bayan rigar Hamani ya jiƙe da gumi.

"Kai ka ce masa ya matsa?"

"Ni? Madam, ina zan iya?"

Ta buɗe ta Talata. Safiyanu ya san hannun babansa, hannun da ke ƙulla zare ba tare da duba ba, yana hira, kafin ka ƙifta ido ya wuce ido biyar na taru. A nan kuwa hannun ya fito gefe, ya ɗan ɗaga sama inda kafaɗa ba za ta tare shi ba. Ya ƙulla a hankali. Ya kwance. Ya sake ƙullawa a hankali, kamar mai nuna wa yaro.

Safiyanu ya ce ta maimaita wurin. Ta maimaita. Ya sake cewa, ta sake. Shi da yake tsaye a wurin bai ga wannan ba, don idonsa na kan ƙeyar yana jiran ta juyo.

Madam Zalika ta ce, "Ni ban san babanka ba, kai ka san shi. Abin da na sani, ka je neman fuska ka dawo da wani abu. In har yanzu kana son a shafe, ga maɓallin nan, da hannunka."

Ya dubi maɓallin, bai taɓa shi ba. Daga waje ana jin Ikilima tana gardama da wani a kan caja.

"Madam, minti biyu da rabi ne kawai. Kuma ba shi da ƙarshe."

"Gobe ce Alhamis. Yau Laraba ce."

Bayan la'asar ya koma gida. Innarsa na tankaɗe a tsakar gida, Hamani kuma ya fito da tabarma naɗe a hammata, tarun a kafaɗa. Ya wuce Safiyanu kamar bai gan shi ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya yi gyaran murya.

"Ki ce wa yaron nan tarun ya kusa ƙarewa. In zai ɗauki ƙarshensa, ya taho tun rana ba ta faɗa kogi ba."

Inna ba ta ma ɗago ba. Ta ce, "Ai ka ji."

Safiyanu ya bi shi daga nesa har bakin ruwa. Hamani ya wuce mangwaro, ya shimfiɗa tabarma gefen kwale-kwalen, ya zauna ya ba da baya. Safiyanu ya tsaya ta kafaɗarsa ta dama, ya riƙe salula da hannu biyu, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari yadda Madam ta koya musu. Sai da ya daina motsi, sannan hannun dattijon ya fito gefe ya kama zaren.