Ƙararrawar da Aka Ɗaure

Tun da ciwo ya kwantar da Gavino, tsohon golanmu, a gonarsa can bayan dutse, amininsa Efisio mai buga ƙararrawar coci yake buga masa sau uku duk ranar da ƙungiyar garinmu ta ci wasa. In ya ji shiru, ya san an sha kashi.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Asabar, jajibirin Ista. Muka ci biyu da ɗaya. Amma tun Alhamis aka ɗaure igiyar ƙararrawa saboda makokin Almasihu.

"Fada, sau uku kacal," Efisio ya roƙi limamin cocin. "Likita ya ce da wuya ya kai gobe."

"Ubangiji yana kabari, Efisio. Ni ma Gavino abokina ne. Ba zan iya ba."

"To, in buga a hankali?"

"A hankalin zai ji? Kai ma dai!"

Na ɗauki keke don in kai wa Gavino labari, tafiyar awa biyu. Efisio ya hau hasumiya da katakon da ake kaɗawa a madadin ƙararrawa, ya fuskanci dutsen ya yi ta kaɗawa. Ina haye gadar bakin gari na daina jin ƙarar katakon.