Kifin da ke Bahon Gizela

Ranar da Imrich ya dawo daga Amurka, wanka ya fara nema, aka ce masa ba hali, wani baƙon ya riga shi shiga baho. Ya leƙa banɗaki ya tarar da ƙaton kifin Kirsimeti, wanda a al'adarsu ake ajiyewa da rai a baho har jajibirin bikin, yana zagaye cikin ruwa, yana buɗe baki yana rufewa kamar mai neman ta inda zai fara gaisuwa.

Tun shekarar da tankokin Rasha suka shigo ya tsallake iyaka, yana saurayi. Yanzu ga shi da furfura da ɗan tumbi, a Disambar 1992, ƙasar da ya bari kuma ana shirin raba ta biyu, ɓangaren Cek da na Slovak, da shigowar sabuwar shekara. Yayarsa Gizela na aure a garin Hodonin, a ɓangaren Cek, tsallaken kogi daga garinsu. Su 'yan Slovak ne, mijinta Otakar ɗan Cek.

"Kwana kaɗan ya rage in zama mijin 'yar ƙasar waje," in ji Otakar, yana hura shayi. "Ni da ban taɓa hawa jirgi ba. Kai sai da ka ƙetare teku, ni ina zaune a kujerata aka kawo min ƙasar wajen."

"Sha shayinka," Gizela ta ce.

Otakar ya dubi rigar Imrich, farar riga mai jan aiki a hannu da wuya.

"Ba'amurke, wannan daga gidan tarihi ka ɗauko ta?"

"Kayanmu ne na gado. A Cleveland, can Amurka, duk taron ƙungiyar 'yan Slovak da ita muke zuwa."

"To, a nan masu rawa a talabijin ne ke sa ta."

Imrich ya yi dariya, don dai a zauna lafiya. Zolayar mijin yaya ba ta dame shi ba. Abin da ke ci masa rai ladabin Gizela ne. Ta fito masa da kofunan gilas da ba a taɓawa sai limamin coci ya zo. In ya miƙe zai ɗauke faranti sai ta ce, "Zauna, kai baƙo ne." A can, shekara da shekaru, kowa na kiransa ɗan Slovak. Ya dawo gida kuma, har 'yar'uwarsa ta jini tana tambayarsa ko cikinsa zai ɗauki miyar kabeji.

Da safiyar jajibirin Kirsimeti ya sami damarsa. Gizela na fere dankali, ta ce lokacin kashe kifin ya yi.

"Ni zan yi, Yaya," in ji Imrich. "Aikin namijin gida ne. Ina tuna Baba, yadda yake naɗe hannun riga ya shiga."

Otakar ya miƙa masa gudumar katako tun kafin ya rufe baki. Saurin ya ɗan ba shi mamaki.

Imrich ya shiga banɗakin ya ja ƙofa. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. A Cleveland kifi a kwali yake zuwa, a daskare, ba kai ba ido. Wannan kuwa ido gare shi, zagayayye, ruwan zinariya, kuma kwana biyun nan duk safiya da shi yake kallon Imrich yana goge baki. Ya sa hannu ya kamo shi, kifin ya zille, ya watsa masa ruwa har cikin kunne. Ya sake kamowa, ya danne shi da tawul, ya ɗaga guduma. Hannun ya tsaya a sama, ya ƙi saukowa.

Ya mayar da shi ruwa, ya zauna a bakin baho, jan aikin rigarsa na ɗiga. Shi ke nan, ya ce a ransa, sun yi gaskiya. Amurka ta cinye ni. Zan fita da gudumar nan a bushe, su sake zuba min shayi a kofin limami har ranar da zan koma.

Aka ƙwanƙwasa a hankali. Otakar ya shigo ya rufe ƙofa da diddige.

"Yana nan?"

"Yana nan."

"Ka sa masa suna?"

Imrich ya sunkuyar da kai. "Ban yi niyya ba."

"Kowa haka yake cewa. Kawo nan."

Ya karɓi gudumar, ya ninke jiƙaƙƙen tawul a kan dakalin baho, ya maka masa duka biyu masu kyau, har kwalaben kan taga suka yi ƙara. Kifin ya ci gaba da yawonsa.

"Wannan don maƙwabta ne," in ji Otakar. "Bangon gidajen nan kamar takarda yake. Tun da na auri yayarka haka nake yi, kuma a benen nan kaf ana ganin girmana."

"To wa ke..."

Ƙofa ta buɗe. Gizela ce, ta ɗaura zanen girki, da wuƙa a hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙanenta da ke zaune sharkaf, ta girgiza kai.

"Yaya, ki yi haƙuri," Imrich ya ce. "Zaman can ne ya lalata ni. Da Baba ne..."

"Baba?" Ta yi wata dariya ta hanci. "Baba da yake shiga ya zauna kan bokiti yana karanta jarida? Mama ce ke zagayowa ta ƙofar baya ta gama komai, shi kuma ya yayyafa wa hannunsa ruwa ya fito yana huci. Kai kana yaro, kana can kana tafa masa."

Imrich ya juya ya dubi Otakar.

"Kada ka ɗora wa Amurka," ta ce. "Gado ne. Ni kuma da na tashi aure na ƙetare kogi don in canza iri, na kwaso wannan."

"Ka ji ko," in ji Otakar. "Su raba ƙasa yadda suka ga dama, wajen nan dai ɗaya muke."

"Ku fita ku ba ni wuri. Kai kuma, cire rigar nan kafin mura ta kama ka, ka je ka ƙarasa min fere dankalin can. Ka fere shi da kyau, ban son ɓarna. In ka gama akwai shara a bakin ƙofa."

Suka fita sum-sum. Suna kicin aka ji duka ɗaya tak daga banɗaki, su biyun suka zabura tare. Imrich ya jawo kwanon dankali gabansa, sanye da tsohuwar rigar sanyin Otakar mai huji a gwiwar hannu. Rabon da a aike shi zubar da shara da irin wannan murya har ya manta. Ya ɗauki wuƙa ya fara fere, yana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi kada Otakar ya gani.