Askin Mutum Sittin

Ranar da wani mai aski ya cika shekara sittin, 'ya'yansa suka zo da shawarar a kama ɗakin taro, a ci a sha. Ya saurare su har suka kai aya, sannan ya ce shi ba ya son a tara jama'a su zo kallon furfurarsa. Abin da ya ƙudurta daban ne: kafin shekara ta zagayo zai yi wa mutum sittin aski kyauta, amma waɗanda ciwo ya kwantar, ba su iya takowa shago. Shi zai bi su har bakin gado.

"Kai da ko ƙwan fitila ya mutu sai an yi sati ana roƙonka?" in ji matarsa. "To, Allah ya ba da iko."

Ta ɗauka ɗokin kwana biyu ne, ta manta irin kafiyar mijin nata. Duk Litinin, ranar da ba ya buɗe shago, sai ya rataya jaka: aska, almakashi, inji mai caji, tawul biyu, sabulu da madubi. Wata rana mutum ɗaya, wata rana biyu. Shekara arba'in yana sana'ar, sai ga shi ya koma ɗan koyo, don askin kwance ba na zaune ba ne. Ya koyi tallafe ƙeya da tafin hannu. Ya koyi shimfiɗa leda a kan matashi, kar gashi ya shige wa majinyaci wuya ya hana shi sakat. Ya kuma daina miƙa madubi sai an nema, tun ranar da wani dattijo ya ga yadda ya rame ya juya fuska bango.

Yana kan mutum na hamsin hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari kaɗan-kaɗan, ya ce gajiya ce. Sai wata rana ya yanki wani tsoho a bayan kunne, shi da rabonsa da yankar mutum tun yana saurayi. Tsohon bai ko ji ba, amma shi ya ji har cikin ransa.

Bai gaya wa kowa ba. A gida ya koma cusa hannun a aljihu. A shago ya ajiye aska, ya ce wai yanzu zamanin inji ne. Gaskiyar kuwa tsoro yake ji. Mai askin da hannunsa ke rawa ta ƙare masa, kuma gani yake muddin bai furta ba, abin bai tabbata ba. Ya dai cije ya ci gaba da inji, yana addu'ar ya cika alƙawarinsa kafin asiri ya tonu.

Saura kwana shida shekara ta cika, saura mutum ɗaya. Wannan kuwa tsohon direban bas ne da ya shekara talatin yana zama a kujerar shagon mai askin, har shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ɗakin ƙarami ne, yana warin man zafi, ga keken guragu a jingine. Matar direban ta kawo ruwan ɗumi a roba ta fita.

Mai askin ya ciro inji. Direban ya girgiza kai.

"Aska," ya ce, harshensa da nauyi. "Yaushe ka taɓa sa min wannan abin a gemu?"

"Yanzu ai shi ake yayi, mutumina."

"Aska."

Ya shafa masa sabulu, ya buɗe askar, ya kai ta kusa da maƙogwaro. Nan hannun ya ce bai san zancen ba. Bakin askar ya dinga karkarwa a gaban idonsu su biyu, babu aljihun da za a ɓoye shi. Ya janye, ya zauna a bakin gadon.

"Hannuna ya daina jin magana," ya ce a hankali. "Wata uku ke nan. Kai ne na farko da na gaya wa."

Direban ya daɗe yana kallonsa, kumfa na bushewa a fuskarsa.

"Ni ma haka na yi," ya ce. "Hannu na mutuwa a kan sitiyari, ina cewa sanyi ne. Ga inda shirun ya ajiye ni." Ya ɗago hannunsa mai lafiya. "Matso."

Ya kama wuyan hannun mai askin, riƙo na wanda ya saba da babbar mota. Rawar ba ta tafi duka ba, amma ta lafa. Suka fara daga kunci, ja ɗaya, a goge a tawul, a sake. Mai askin yana nuna hanya, direban yana riƙe.

"Rage gudu," in ji direban da suka iso haɓa. "Akwai kwana."

Mai askin ya yi dariya, hawaye na gangaro masa, ba shi da hannun sharewa. Askin minti goma ya ci musu kusan awa guda, amma ko ƙwarzane babu. Da suka gama, direban ya shafa fuskarsa ya ce ya taɓa samun wanda ya fi wannan, amma zai yi maneji.

A bakin ƙofa mai askin ya tsaya, ya ciro waya ya kira matarsa. Ya ji tana rage sautin rediyo.

"Hannuna yana rawa," ya ce. "Ina so gobe ki raka ni wajen likita."



"Na sani, baban yara. Tun tuni nake jira ka faɗa da bakinka," in ji ta. "Ka gama na sittin ɗin?"

"Mun gama," ya ce.