Kifin Da Ke Ɗauke Ciwo

Tarapada Mondal ya rungume kwalbar a ƙirji yana kutsawa cikin kasuwar Lahadi ta titin Galif, tsakanin kejin tantabaru da masu tallan dashen furanni. A cikin kwalbar akwai ruwan da ya ɗebo daga akwatin gilashin falonsu, da gawar baƙin kifi, ciki a sama. Ba shi ne na farko ba, ba kuma na biyu ba.

Tun da likita ya gano ciwo a hanjin matarsa Shefali, ita kuma ta kafe ta ce ba mai sake kai ta asibiti, wani mai duba ya ce a zuba kifi tara a falo: takwas masu ruwan zinariya, ɗaya baƙi. Baƙin shi ne mai gadi. Duk masifar da ta nufo gidan, a kansa za ta sauka. To amma wane irin gida ne masifa ke yi wa sallama kowane mako? Tarapada ya tsufa yana karɓar kuɗin tikiti a jirgin ƙasan cikin gari, ya san fuskar wanda ya hau bai biya ba, kuma irin wannan fuskar yake gani kwanan nan a wurin Debolina, matar ɗansa. Ita ce fa da farko ta yi ta mita, wai ƙarni, wai cin wuta. Yanzu ko ina ya juya tana gindin gilashin, da ya shigo ta bar wurin. Ruwa ba ya tsami banza. Ya riga ya yanke shawara: in aka tabbatar masa guba ce, yau ɗin nan za a raba tukunya a gidansa, ko da ɗan nasa zai bi ta.

Ya dire kwalbar a gaban Jhontu mai kifi, wanda ke tsugune tsakanin robobi yana taunar ganyen pan, wanda ake taunawa kamar goro.

"Shinshina min ruwan nan."

"Kaku, ni kare ne?" in ji Jhontu, wanda ke kiran kowane dattijo Kaku, wato baffa.

"Ko dai kai ke sayar min da marasa lafiya, ko wani na zuba musu abu. Yau sai na san wanne ne."

Jhontu ya tsamo gawar da yatsu biyu, ya juya ta, ya tofar da jan yawu gefe. "Guba ba ta cin wutsiya, Kaku. Dubi nan, duk an yagalgala ta. Wannan da gudu aka kashe shi. Su wa ke zaune da shi?"

"Masu ruwan zinariya mana. Sai wasu ƙanana masu ratsin baƙi, Bouma, matar ɗana, ita ce ta sauya su, ta ce sun fi kyau."

"Bouma?" Jhontu ya daina tauna. "Doguwar nan mai tabarau, malamar makaranta? Ashe surukarka ce! Ai ni na sayar mata. Na ce Boudi, matar yaya, waɗannan 'yan daba ne, kada ki haɗa su da baƙin nan mai ƙwala-ƙwalan idanu, shi ba ya gani sosai, ga nauyin jiki, za su yi ta cizonsa har ya mutu. Ka san me ta tambaye ni? Wai zai daɗe kafin ya mutu?"

Tarapada ya zuba wa gawar ido. Ya ji fushi, ya kuma ji wani mugun daɗi, daɗin mutumin da zarginsa ya tabbata. Ashe da saninta. Matarsa na kwance, ita tana kashe mai gadin gida ɗaya bayan ɗaya!

"Na ce ko kin yi faɗa da kifin ne," in ji Jhontu. "Ba ta yi dariya ba. Hawaye ma ta share. Ni dai na ƙulla mata su a leda."

Wayar Tarapada ta yi ƙara a aljihu. Debolina ce. Ya ɗauka da maganar da zai faɗa mata a shirye a bakinsa, amma ta riga shi.

"Baba, kuna kasuwa? Mama ta tashi zaune. Da na nuna mata wurin da kifin yake, ta ga ba ya nan, ta ce ya ɗauke mata wani kaso na ciwon. Ta ci shinkafa da miyar wake, har ta nemi ƙari. Ta ce gobe in kai ta asibiti ƙarin ruwan." Sannan ta ƙara da cewa, "Tana tambaya ko kun samo sabo."

Tarapada ya riƙe wayar a kunne. Yana tsaye mutane na bangaje shi, yana tuna wancan makon, da na gabansa. Duk ranar da Shefali ta yarda aka kai ta asibiti, an wayi gari ne da baƙin kifi ciki a sama. Shi kuwa yana can yana laɓe a bayan labule yana gadin suruka. Kunya ta rufe shi.

"Baba? Kuna ji na?"

"Ina ji, Bouma. Ina tafe."

Jhontu ya riga ya tsoma 'yar koma cikin wata roba. "Ga maganin abin, Kaku. Wannan ma baƙi ne, amma siriri, ga zafin nama. Ko su goma suka taru ba za su kama shi ba. Sai ya shekara yana yi muku gadi."

Tarapada ya dubi siririn yana zillo cikin ruwa, lafiyayye, ba alamar mutuwa a tare da shi. Sannan ya dubi robar gefe, inda masu ƙwala-ƙwalan idanu ke lilo a hankali suna karo da juna.

"Ba ni irin na da."

"Kaku, yanzu fa na gama yi maka bayani. Ba zai kai ko'ina ba."

"Na ji ka. Ƙulla min." Ya sunkuyo ya rage murya. "In kuma ta zo, ba ka gan ni ba."