Rigar da Ta Jira Majalisa

Kawu ne ya faɗo shagon ɗinkin da rediyo a kafaɗa. Tasinsa kuwa ya bar ta a tsakiyar titi, ƙofa a wangale, direbobi na ta zabga masa hon.

"An sa hannu! Wallahi an gyara!"

Tela ko kai ba ta ɗaga daga kan keke ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yayan nan nata ya sha sa ta rawa a banza.

Ga yadda abin yake. Tela tana da 'ya guda, wadda unguwa ke kira Barewa saboda gudu. A nan aka haife ta, a nan ta yi rarrafe, amma mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, baƙo ne daga ƙetare. Tsarin mulki kuma ya ce ta wajen uba kaɗai ake zama ɗan ƙasa. Yarinya sai ta tsere wa kowa a fili, in an zo zaɓen masu wakiltar ƙasa koci ya sunkuyar da kai. Bana ya faɗa mata gaskiya: in gasar ƙasashe da ke tafe ta wuce ta, shi ke nan, ƙafa ba ta jiran kowa.

Ranar da wasu iyaye mata suka kai ƙara kotu, haka Kawu ya shigo da ihu. Tela ta tashi da zafinta ta ɗinka wa Barewa riga mai launin tuta. Alƙalai suka yi ta juya wannan sashe na tsarin mulki, suka ce ya ba irin su Barewa damar karatu da zama, amma fasfo sai majalisa ta taɓa rubutun. Riga ta koma kan ƙusa. Da majalisar ƙasa ta amince, Kawu ya sake zuwa har da raba alewa. Ashe bawan Allah bai san sai jihohi ma sun yarda ba! Ana wannan jan ƙafa Barewa na ta ƙara kafaɗa. Sa'ar ɗaya, Tela ba ta ɗinki sai ta bar rarar yadi a ciki. Duk sanda aka yi murnar banza sai ta farke gefe ta saki kaɗan, tana mita.

"Yaya, in ka sake sa ni kunya a layin nan, sai na ɗinke maka baki."

"Ke dai saurara!"

Ya ƙure muryar rediyon. Mai labarai ya faɗa dalla-dalla: jihohi sun amince, an sa hannu, daga yau ɗan da uwarsa 'yar ƙasa ce shi ma ɗan ƙasa ne.

Kai, zo ka ga hauka! Tela ta yi tsalle, kwalin maɓallai ya tarwatse a ƙasa. Ta rungume Kawu, ta sake shi, ta rungume wata mata da ta zo karɓar ɗinki. Mai aski na maƙwabta ya leƙo da kumfa a hannu yana tambayar wa ya haihu. Kawu na taka rawa ya zame kan maɓalli ya zauna daɓas, bai fasa tafi ba.

Sai ga Barewa daga filin atisaye, gumi sharkaf, ta riga babur ɗin koci isowa.

"Mama, kin ji? Ina rigata?"

Aka sauko da ita daga ƙusa, aka kakkaɓe ƙura. Barewa ta zura hannu ɗaya, ta zura na biyu, sai ji kake ɓarrr! Riga ta dare daga hamata har ƙugu. Tela ta cire mata rigar, ta juya ta, ta laluba ɗinkin. Babu sauran rara, duk jira ya cinye.

Idon Barewa ya kawo ruwa, kuma ganin haka ya soki Tela har cikin rai. Ta dubi yadukan da ke kan kanta, duk na mutane ne. Sai ta ɗauki almakashi, ta kamo gefen zanin da ke jikinta, tsohon zaninta mai furanni, ta yanko ƙyalle mai faɗin tafin hannu.

"Haba ƙanwata," in ji Kawu daga ƙasa, "ai wannan ba launin tuta ba ne."

Tela ta daidaita ƙyallen a inda ya yage, ta ɗora ƙafa kan keke, tana dariya hawaye na ɗiga kan yadin.

"Kai da ka kawo rediyon ba ka saurara ba? Sun ce nawa ma ya isa."