Wutar Fadamar Kalgo

Inno Salamatu ta zo Kalgo daga Gwandu a ƙarshen rani, ganin ɗanta Lawal, masunci, wanda ya yi aure ya zauna can. Lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba, yaƙi tsakanin Gwandu da Kabawa ya kwanta, har tsohuwa na iya bin ayari ta isa inda ta nufa lafiya.

Akwai abin da ya daɗe yana cin ranta. A hayin fadamar Kalgo aka haife ta, cikin wani ɗan gari mai ganuwa da yaƙi ya watsa tana yarinya. Tun da aka gudu da ita ba ta sake taka wurin ba.

"Ina son in ga kufanmu kafin ƙasa ta rufe min ido," ta ce wa Lawal.

Ranar da ta zaɓa Lawal zai tafi kamun kifi da mutanen unguwa, sai ya ce matarsa Delu ta raka ta. Delu ba ta so ba, don nauyin surukarta take ji, ko ido ba ta iya haɗawa da ita. Amma ta dama fura ta zuba a gora, suka fita da hantsi.

Suka ratsa tsohuwar unguwar marina a bayan gari, inda rijiyoyin rini suka cike da yashi, suka gangara fadama. Ruwa ya ja baya, sai tafkuna nan da can, bado ya rufe su, gauraka na kiwo a bakinsu. Daga nan hanya ta shige cikin ciyawa busasshiya wadda ta fi mutum tsawo.

Rana ta take tsaka suka isa. Ganuwar ta zube, ta zama tudu. Inno ta yi ta yawo da sandarta tana tona sakaina da fasassun tukwane, har ta tsaya gindin wata tsamiya.

"Nan ƙofar gidanmu take. Nan babana ke saƙa."

Ta zauna ta yi wa iyayenta addu'a. Suka yi azahar, suka sha fura, suka kamo hanyar gida.

Sun yi nisa cikin ciyawa Delu ta ga wani baƙin abu ya sauka a hannunta. Ta murza, ya zama toka. Ta ɗaga kai, sai ga shirwa da yawa suna shawagi ƙasa-ƙasa ta gabas, sama ta yi ja a bayansu. Sannan ta ji ƙarar, kamar ruwan sama na dukan zana.

"Inno, wuta!"

Iska na kaɗowa ta wajensu. Suka sa gudu, amma gudun tsohuwa ba nisa. Inno ta yi tuntuɓe ta faɗi, sandar ta ɓace cikin ciyawa. Ta yunƙura, gwiwa ta ƙi.

"Tafi, ɗiyata," ta ce tana haki. "Ni na ci zamanina. Tafi!"

"Wallahi ba ni zuwa ko'ina in bar ki."

Delu ta kwance mayafinta, ta durƙusa, ta jawo surukarta bisa bayanta ta goya ta kamar jariri. Ta miƙe da ƙyar. Hayaƙi ya riga ya rufe hanyar, ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Idanunta na zubar da hawaye, maƙogwaro kamar ta haɗiyi barkono. Duk inda ta juya ciyawa ce, kuma ƙarar na ƙara matsowa, karare na fashewa ɗai-ɗai.

Wani gadu ya ɓullo a guje da wutsiya sama, ya kusa bangaje ta. Zomaye na bin bayansa.

"Bi su!" Inno ta faɗa mata a kunne. "Dabba ta san ruwa."

Delu ta bi sawunsu, ciyawa na yankar fuskarta. Zafi ya fara lasar ƙafafunta lokacin da ƙasa ta yi laushi, ta faɗo bakin wani tafki. Sai ta ja ta tsaya. A kan laka ga shatin ciki da na wutsiya, sabo, ya gangara cikin ruwa. Kada ne, kuma ba ƙarami ba.

Ta waiwaya. Harshen wuta ya fi itace tsawo.

"Bisimilla," in ji Inno. "Shiga."

Ta shiga. Laka na riƙe ƙafarta, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ta sauke Inno ta rungume ta, suka jiƙa mayafin suka lulluɓe kawunansu. Wutar ta iso bakin tafkin da ruri, ta kewaye shi. Tartsatsi na faɗowa cikin ruwa yana cuwwa. Wani maciji ya wuce ta gabansu yana iyo, bai kula su ba.

Ta ƙasan mayafin ne Delu ta hango kadan nan. Idanu biyu da ɗan tudun hanci, tsakanin ganyen bado, kusa ƙwarai. Ba ya motsi. Ta ƙanƙame surukarta.

"Inno, ga shi can."

"Na gan shi. Kar ki motsa. Shi ma wagga wuta yake tsoro."

Suka tsaya haka, Inno na karanta duk abin da ta sani a hankali, Delu na kallon idanun nan ba ta ko ƙiftawa. Can idanun suka nutse. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali, don yanzu ba ta san inda yake ba. Wani abu ya gogi ƙaurinta, ta cije leɓe har jini ya fito, ba ta yi kuwwa ba.

Da la'asar wutar ta yi yamma, ta bar fadama baƙa ƙirin tana hayaƙi. Suka ja da baya sannu-sannu har suka fito. Delu ta sake goya Inno, ta taka ƙasa mai zafi babu takalmi, don laka ta cinye su.

Ba su yi nisa ba suka ji ana kiran sunan Delu. Lawal ne da masunta, sun hango hayaƙin sun watsar da komar kamun kifi sun taho a guje. Da Lawal ya gan su sai ya zube a kan toka yana salati. Daga baya aka ji mafarauta ne suka cinna wutar don su koro namun daji, iska ta ƙwace musu ita.

Tafin ƙafafun Delu duk ya saɓule. Ayarin Gwandu ya tashi ba da Inno ba. Ita ta riƙa shafa mata man shanu, tana yi mata tuwo, tana korar Lawal daga ɗakin in ya cika tambaya, har damina ta faɗi Delu ta fara takawa zuwa rijiya.