Ɗinkin Kafaɗar Hagu

Ana cewa a Birazil kowane yaro da ƙwallo a ƙafa ake haifarsa. Abin da ba a faɗa shi ne, ƙasar ba ta da filin da zai ɗauke su duka, don haka take fitar da su waje buhu-buhu, yadda take fitar da sukari. Josenildo da Paixão, wanda kowa ke kira Nildo, yana cikin buhunan da aka loda tun da wuri. Ya buga wa ƙananan kulob a Fotugal, ya sha sanyin Bulgeriya har gwiwarsa ta koyi sanar da shi hadari kafin ya haɗu, daga baya wani dillalin 'yan wasa ya sauke shi a Guangzhou a shekarar da China ke shirin Olamfik. Ya ba talatin baya. Mai kulob ɗin bai taɓa ganin wasansa ba, fasfonsa kawai ya gani. Yana son a ce yana da ɗan Birazil, kuma ɗan Birazil ko a benci yake ɗan Birazil ne.

Duk wannan yawon, abu ɗaya ne bai taɓa barin jakarsa ba: wata riga ruwan ɗorawa, bayanta an rubuta NILDO da lamba 23. Tun yana matashi aka taɓa kiransa tawagar matasan ƙasarsa, wasan sada zumunci. Dab da tashi aka sa shi, ya ruga da gudu, wani ƙaton mai tsaron baya ya damƙi kafaɗarsa ya yaga rigar, alƙali ya busa tashi. Ƙwallo bai taɓa ƙafarsa ba. Daga nan ba a sake kiransa ba, ko da bisa kuskure.

Mahaifiyarsa, Dona Jurema, ita ta ɗinke yagar. Ba ta da zare ruwan ɗorawa, sai ta sa baƙi, ga ido ya fara yi mata gardama, ɗinkin ya fito a karkace kamar sawun kaza. Tana ɗinki tana ce masa wata rana zai ga fili cike da mutane sanye da sunansa. Ta rasu yana Bulgeriya, yana zaune a benci.

A watannin Olamfik, 'yan sandan Guangzhou suka tsananta duba takardun baƙi, musamman baƙaƙen fata. Su kuwa ba su da labarin cewa Birazil ma tana da nata. Wata rana da hantsi a titin Liuhua, aka jera Nildo a jikin bango tare da fatake 'yan Afirka, yana ta cewa shi ɗan ƙwallo ne, ba mai saurarensa. Na kusa da shi, wani dattijo mai tumbi da hula zanna, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗan wace jiha ne?"

Da Nildo ya fito da fasfo, dattijon ya riƙe baki. Sunansa Alhaji Munkaila, daga Kano, yana sarin rigunan wasanni yana aikawa gida. Da aka sallame su bai bar Nildo ya tafi ba, ya ja shi hawa na sama a wani bene, inda Hajiya Habsatou, mutuniyar Maradi, ke dafa wa fatake abinci a ɗakinta. Ta ajiye masa wake da shinkafa da mai da yaji. Nildo ya kai loma ɗaya, ya sunkuyar da kai ya daɗe. Rabonsa da abincin da ya yi kama da na gidansu ya manta.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Suna haɗa Turancinsa mai ɗingishi da na Alhaji mai tsalle, da Faransancin Hajiya, da 'yar Hausar da ya tsinta a bakin kwano, magana tana tafiya. Fatake suna kiransa Ɗan Birazil. Kullum sai sun tambaye shi ko ya san manyan taurarin ƙasarsu, kullum sai ya ce ya taɓa ganinsu daga nesa, kamar kowa.

Wannan tambayar ce ta ci masa rai har wata rana ya zo da rigar. Ya warware ta a hankali a kan tabarmar Hajiya. Yana jiran a tambaye shi labarin wasan. Alhaji Munkaila kuwa yadin ya kama, ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga shi saitin taga, ya ja wuyan ya saki.

"Allahu akbar. Wannan ita ce orijina. Ɗan Birazil, ara mini ita in nuna wa lawban ɗina, mai masana'antar da ke yi mini ɗinki, ta ga abin da ake kira riga. Kayan da take yi mini wanki ɗaya suke zama tsumma."

Nildo bai so ba. Amma tun da aka ba shi rigar nan ba wanda ya taɓa kallonta da irin wannan girmamawar, sai zuciyarsa ta yi laushi.

"Nunawa kawai, Alhaji."

"Nunawa kawai. Samfur ne ai."

Da Nildo ɗan kasuwa ne, da ya ji kalmar nan ya ƙwace rigarsa ya gudu. Kowane falke a Guangzhou ya san samfur ba ya komawa gida da ƙafarsa. Alhaji ma ya sani, sai dai sanin ya zame masa jiki har bai ga abin faɗa a ciki ba.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. In Nildo ya tambaya, Alhaji ya ce, "Tana nan lafiya, gobe in sha Allahu." Da goben ta yi yawa, Nildo ya tsaya kai da fata sai an kai shi. Suka hau mota zuwa Xintang, garin da ko ruwan kwata shuɗi ne saboda rinin wandunan jins. A wani lungu akwai ƙaramar masana'anta da ta ajiye jins ta koma rigunan wasa saboda kasuwar Olamfik. Lawban ɗin, wata gajeriyar mace mai almakashi rataye a wuya, ta tarbe su da fara'a. Da ta gane abin da suke nema, sai ta kaɗa hannu.

"Meyo."

Babu. Alhaji ya fassara sauran yana kallon silin. An farke rigar tun ranar farko, hannu daban, wuya daban, an ɗora a kwali an fitar da ma'auni. An yanki yadin an aika wa masu saƙa, an yanki kafaɗar an aika wa mai aikin zare. Abin da ya rage an share da shara. Matar ta ga fuskar Nildo ta ɗauka ingancin aikin yake shakka, sai ta ja shi cikin sito cike da alfahari, ta farke wani ƙulli.

Riguna ne ruwan ɗorawa, tsibi har rufi. Kowace an rubuta NILDO, lamba 23. Ya ɗauki ɗaya, ya juya. A kafaɗar hagu ga ɗinkin baƙin zare, a karkace, kamar sawun kaza. Ya ɗauki wata, haka. An ce musu su kwafa daidai, sun kuwa kwafa daidai. Har inda hannun tsohuwar ya yi rawa ta maimaita allura sau biyu, injin ma ya maimaita.

Nildo bai yi faɗa ba. Ya ji kamar an sake yi masa waya daga gida ana gaya masa rasuwar. Ya fita ya zauna a bakin kwata mai shuɗin ruwa, ya yi kuka irin wanda bai samu yi a Bulgeriya ba. Alhaji ya tsaya a kansa yana juya hula a hannu.

"Wallahi ban san ta kai haka a ranka ba. Ka ɗauki ko nawa kake so. Sababbi ne fil, sun ma fi waccan."

Nildo ya daina zuwa ɗakin Hajiya. Kwantenar rigunan Alhaji ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha. Aka yi Olamfik aka gama, kakar wasa ta zo ƙarshe, kulob ya sanar da shi cikin ladabi cewa an samo wani ɗan Birazil mai sabuwar gwiwa.

Ranar wasan ƙarshe yana zaune a wurinsa na kullum, sai ya ji ana kiran sunansa daga sama. Ya waiga. Wani ɓangare na 'yan kallo ya koma ruwan ɗorawa. Hajiya Habsatou ce ta tattaro fataken Kano da na Maradi da na Yamai, bayan ta wanke Alhaji tas, ta ce duk wanda bai zo ba ya nemi wani wurin cin abinci. Sun ɗora rigar a kan kaftani, tumbi ya cika ta, suna buga robar ruwa suna ihu, "Nildo! Nildo!" Abin da Dona Jurema ta faɗa ya tabbata, ba ragi. Koci ya dubi masu ihun, ya dubi Nildo, ya sa wani. Har aka tashi Nildo bai cire rigar ɗumi ba.

A bakin ƙofa suka tare shi. Hajiya ta miƙa masa kwano a ƙulle cikin ɗankwali, ta ciro waya ta nuna masa hoton da ƙanenta ya turo: wani fili mai jan yashi a Maradi, 'yan wasa ƙafa ba takalmi, ɓangarorin biyu duk lamba 23.

"Kaya sun ƙare ƙaf," in ji Alhaji, yana neman hanyar shiri. "Kano ma haka."

"Sun san ko wane ne Nildo?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Gaskiya, sun ɗauka sunan kamfanin ne."

Nildo ya yi dariya, ta farko tun Xintang, har da riƙe gwiwa. Alhaji ya samu ƙarfin gwiwa ya ci gaba.

"Zan sake oda, amma wannan karon ba zan ƙara ɓata maka rai ba. Za a cire sunanka a sa na wani sananne. Wannan mummunan ɗinkin na kafaɗa ma na ce a cire, kuskuren samfur ne."

Nildo ya daina dariya. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Alhaji ta hagu, babban yatsansa yana bin baƙin zaren, har inda allurar ta maimaita. Ya tattaro 'yar Hausar da yake da ita.

"Sunan, ka cire, Alhaji. Ɗinkin, ka bar shi."